Duman kada na gulbi da ɗan'uwansa na bakin teku: ina aka ɗaure sunan?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun aikin gona a nan Maraɗi. A hutun da ya wuce na raka kawuna Lome ɗauko kaya. A bakin teku na ga wata ciyawa tana yaɗo a kan rairayi, furenta sak na duman kada da muke gani a gulbi. Na ɗauki hotonta da salula na bincika, sai na ga an rubuta Ipomoea pes-caprae (L.) R.Br., ga wasu sunaye jere a ƙarƙashi, ga kuma maganar wai "typus" ɗinta yana Landan. Shin ita ce duman kadanmu? Me ya kawo sunaye barkatai haka? Kuma ta yaya ciyawar Lome asalinta zai koma Landan?

Amsa: Ɗana, idonka bai yaudare ka ba. Dangi ne na kusa, gida ɗaya suka fito, amma kowa da sunansa. Namu na gulbi, wanda ke shimfiɗa a bakin fadama tun daga Tibiri har tafkin Madarunfa, masana suna kiransa Ipomoea asarifolia. Wadda ka gani a Lome ita ce Ipomoea pes-caprae. Dankalin da kake ci ma ɗan gidan ne, shi ne Ipomoea batatas.

In za ka raba su, bar fure ka dubi ganye. Furen dukansu kamar bakin kakaki yake, ruwan hoda mai ɗan duhu a maƙogwaro, ya buɗe da sassafe, kafin la'asar ya yi yaushi. Ganyen duman kada mai faɗi ne kamar ƙoda, gindinsa ya lotsa ciki, bakinsa a zagaye. Na teku kuwa ya fi kauri, da santsi kamar jemammiyar fata, bakinsa a tsage gida biyu tamkar sawun akuya a laka. Sunan ma abin da yake faɗi ke nan: a harshen Latin pes ƙafa ce, caprae kuma ta akuya. Ƙafar akuya. Koma ka buɗe hoton nan naka ka ƙara girmansa, za ka ga tsagar. Ciyawa ce mai ƙarfin hali, tana jure gishiri da zafin rairayi da iskar teku, jijiyarta na nutsewa ƙasa sosai, yaɗonta kan kai mita 30. Irinta yana yawo a kan ruwan teku ba ya nutsewa, gishiri ba ya kashe shi, shi ya sa za ka same ta a gaɓar Lome da Kwatano da Legas, ka kuma same ta a Indiya da Brazil da Ostareliya. Bayan dutsen Krakatau na ƙasar Indonesiya ya yi aman wuta a 1883 ya ƙone tsibirin ƙurmus, tana cikin tsirran farko da suka sake kama gaɓar.

To, sunaye. Abin da ka gani jere a ƙarƙashi tarihin ciyawar ne a hannun mutanen da ba su san juna ba. A 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da littafinsa Species Plantarum, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu: ta farko sunan gida, ta biyu sunan yanka. Masana tsirrai sun yarda cewa lissafin sunaye daga ranar 1 ga Mayu 1753 yake farawa, duk abin da aka rubuta kafin nan ba ya cikin gado. A littafin ya sa ciyawar nan a gidan Convolvulus, ya kira ta Convolvulus pes-caprae, ya ce a Indiya take. Harafin L. da ka gani shi ne Linnaeus. An sa shi cikin baka ne don a nuna shi ya raɗa sunan yanka, amma wani ya zo daga baya ya sauya wa ciyawar gida.

Wanda ya sauya shi ne R.Br., wato Robert Brown, mutumin Sukotland, a 1818. Yadda abin ya faru ya shafe mu ta gefe. A 1816 Ingila ta aika wani kyaftin mai suna Tuckey ya bi kogin Kwango, don a lokacin Turawa na zaton can ne kogin Kwara yake ƙarewa. Zazzaɓi ya kashe shi da mutanensa da dama, har da mai tara tsirran tafiyar, Christen Smith. Busassun tsirran suka iso Landan, Brown ya zauna ya yi nazarinsu, a cikin bayanin da ya rubuta ne ya mayar da ƙafar akuya gidan Ipomoea. A shekarar dai wani Bature mai suna Robert Sweet shi ma ya buga wannan haɗi, shi ya sa tsofaffin littattafai da yawa ke rubuta Sweet a ƙarshen sunan. Da aka bi kwanakin bugu sai aka ga Brown ya riga shi da 'yan watanni. Dokar kuwa a nan ba ta da sassauci: wanda ya riga bugawa bisa ƙa'ida, nasa ne. Wannan Brown ɗin ne kuma ya duba tsirran da ayarin Clapperton ya tara a tafiyar da ta kai su Borno da Kano da Sakkwato, a 1826 ya raɗa wa gidan ɗorawa suna Parkia don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya bi kogin Kwara.

A jerin za ka ga Ipomoea biloba. Wani almajirin Linnaeus ne, Forsskål, ya gamu da ciyawar a tafiyarsa ta ƙasar Larabawa, ya zaci sabuwa ce ya ba ta suna. Ya rasu a Yaman a 1763, aka buga aikinsa a 1775. Sunan yana da kyau, ma'anarsa mai kunne biyu, amma ya zo a makare da shekara 22. Ba a jefar da irin waɗannan sunaye, ana jera su a ƙasa don wanda ya ci karo da su a tsohon littafi ya san wa ake nufi.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ɗaure maka kai, kuma shi ne ƙashin bayan maganar duka. Ni idan ina koyarwa ba na fassara typus da "misali" ko "samfuri", don waɗannan kalmomi suna ɓatar da ɗalibi. Turke nake ce masa. Ka san akuya a gida: tana iya zagayawa iyakar tsawon igiyarta, a ƙara mata igiya ko a rage, amma turken yana nan inda aka kafa shi. Haka sunan tsiro yake. Ana ɗauko reshe guda na tsiro guda, wanda wani mutum ya tsinka a wani wuri a wata rana, a busar da shi, a manna a takarda mai kauri, a ajiye a rumbun busassun tsirrai, a ce: wannan suna a jikin wannan takarda aka ɗaure shi har abada. Masana na iya yin gardama shekara ɗari kan iyakar jinsin, wani ya ce tsirran Indiya da na Afirka abu ɗaya ne, wani ya ce biyu ne. Wannan gardamar tsawon igiya ce, kuma halak ce, ilimi da ita yake ci gaba. Amma duk ranar da aka raba jinsi gida biyu, tsohon suna yana bin ɓangaren da turke ya faɗa ciki, ɗaya ɓangaren a nemo masa wani.

Kada ka ɗauka turken shi ne mafi kyau ko mafi kama da sauran 'yan'uwansa. Sau da yawa wani ƙanjamammen reshe ne, rabi ƙwari sun ci, fure ya koma launin ƙasa. Na sha ganin ɗalibi ya buɗe hoton turke ya ce, Malam, ai wannan bai yi kama da wanda na sani ba. Ba aikinsa ba ne ya yi kama. Aikinsa ya tsaya wuri ɗaya.

Ga yadda abin ya yi aiki a kan ciyawarka. A littafin nan na 1753, Linnaeus ya ba ta suna har sau biyu bai sani ba. Ta Indiya mai zurfin tsaga ya kira ta pes-caprae, ta gaɓar Amurka mai 'yar gajeriyar tsaga ya kira ta Convolvulus brasiliensis. Daga baya aka lura bambancinsu bai kai a ce jinsi biyu ba ne, sai wani masani ɗan Holan, van Ooststroom, a 1940 ya mayar da ta biyun reshe a ƙarƙashin ta farko. Mai zurfin tsaga, wadda turke ya faɗa cikinta, a gaɓar tekun Indiya take, daga ƙasar Larabawa zuwa kudancin Asiya. Mai gajeriyar tsaga ita ce ta game duniya, kuma ita ce a gaɓar Afirka ta Yamma. Ashe wadda ka ɗauka a Lome cikakken sunanta Ipomoea pes-caprae subsp. brasiliensis (subsp. na nufin reshe), alhali ko hanyar Brazil ba ta sani ba. Kada wannan ya dame ka. Mutum nawa ka sani ana ce masa Ɗan Kano, a Bagalam aka yanke cibiyarsa? Sunan kimiyya ba ya yi maka alkawarin bayyana tsiro. Namu duman kada ma, asarifolia na nufin mai ganye irin na Asarum, wata 'yar ciyawar dajin Turai da babu makiyayin gulbi da ya taɓa ganinta. Wani Bafaranshe, Desrousseaux, ya raɗa sunan a 1792 daga tsiron da aka kawo daga Sanagal, da abin da idonsa ya saba gani ya kwatanta.

Batun Landan kuwa ciniki ne ya kai shi can. Linnaeus ya rasu a 1778. Bayan ɗansa ma ya rasu, matar Linnaeus ta sayar da tarin busassun tsirransa da littattafansa ga wani saurayi ɗan Ingila, James Edward Smith, a 1784. Takardun tsirran sun kai kimanin 14,000, suna nan har yau a hannun ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Linnaeus a Landan, cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Turken sunan pes-caprae yana cikinsu. Ka ga ke nan ba ciyawar Lome ce ke da asali a Landan ba, sunan ne aka ɗaure a can.

Sai dai Linnaeus da kansa bai taɓa nuna wata takarda ya ce ga turke ba, wannan tunani bai zo ba sai bayansa da shekaru masu yawa. Saboda haka turaku suka kasu. Idan mai raɗa suna da kansa ya nuna takarda guda, ita ce holotypus, turken asali. Sauran rassan da aka tsinka tare da ita, rana ɗaya, lamba ɗaya, aka rarraba wa wasu rumbuna, su ne isotypus, tagwayenta. Idan bai nuna ba, kamar Linnaeus, wani masani na baya yakan bi kayan da marigayin ya yi aiki da su ya zaɓi ɗaya ya buga zaɓinsa, wannan shi ne lectotypus, zaɓaɓɓen turke, kuma wanda ya fara zaɓa bisa ƙa'ida shi ake bi. Wani lokaci zaɓin kan faɗa kan zane, domin tsirrai da yawa Linnaeus bai taɓa riƙe su a hannu ba, a zanen magabata ya san su, irin su Charles Plumier, limamin kirista Bafaranshe da ya zana tsirran tsibiran Karebiyan. Idan kuwa komai ya salwanta, sai a kafa neotypus, turken maye gurbi.

Kuma yana salwanta. A daren 1 ga Maris 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bama-bamai suka faɗa kan rumbun tsirrai na Berlin, mafi yawansa ya ƙone. A nan ne Jamusawa suka tara turakun tsirran Kamaru da Togo da Tanganyika (Tanzaniya ta yau). Har gobe mai nazarin tsirran Afirka yakan bi suna ya tarar da an rubuta a gabansa: an hallaka a Berlin. Waɗanda suka tsira, yawancinsu tagwayen da aka aika wasu birane ne suka cece su. Shi ya sa duk wanda ya koya mini aikin nan yake cewa kada ka tsinki ɗaya.

In kana son ka ga ƙarfin turke da idonka, ba sai ka je teku ba, fita bayan gari. Kakanninka a makaranta sun haddace bagaruwa Acacia nilotica, ɗakwara Acacia senegal, gawo Acacia albida. Gawo shi ya fara fita, tun 1934 Auguste Chevalier ya ware masa gida shi kaɗai, Faidherbia, da sunan wani gwamnan mulkin mallakar Faransa a Sanagal. Icen da manoman Maraɗi suka raya da sassaben zamani, yana ɗauke da sunan sojan mamaya, abin ya daɗe yana yi mini ciwo. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna babban gidan Acacia ba zuriya ɗaya ba ce, dole a raba. Turken gidan kuwa bagaruwarmu ce. Bisa doka, mu ne za mu riƙe sunan, itatuwan Ostareliya kusan 1,000 su nemi wani. Sai masanan can suka kai ƙara cewa nasu sun fi yawa, sauyin zai yi ɓarna a harkar katako da lambuna. A babban taron masana tsirrai na Vienna a 2005 aka tumɓuke turken aka kafa shi a jikin wani icen Ostareliya, Acacia penninervis, taron Melbourne na 2011 ya tabbatar. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara ta koma Senegalia senegal. Dokar ta yarda da irin wannan togiya idan taro ya amince, ban ce an yi haramun ba. Amma a ganina da rumbunan Afirka suna da yawa kuma suna da ƙuri'u a zauren, da maganar ba ta tafi da sauƙi haka ba. A taron Madrid na 2024 an ɗan ga sauyi: aka amince a gyara sunayen tsirrai fiye da 200 masu ɗauke da caffra da ire-irenta, kalmar da ta samo asali daga kafiri, wadda aka mayar zagin baƙar fata a Afirka ta Kudu. Aka cire harafin farko da f ɗaya, ta koma afra.

Yau idan ka samu tsiron da kake zaton sabo ne, ba ka isa ka raɗa masa suna a Facebook ba. Tun daga 1958 sunan da ba a nuna turkensa ba bai zama suna ba. Tun daga 1990 sai ka faɗi rumbun da ka ajiye shi. Daga 1935 bayanin da ke rarrabe shi da 'yan'uwansa dole ne ya zo da Latin, sai a 2012 aka yarda da Ingilishi, aka kuma yarda da mujallar da ke fita ta intanet kawai. Faransancin da kake karatu da shi ba ya cikin lissafi, balle Hausa.

Mafi yawan turakun tsirran Sahel suna Paris da lambun Kew na Landan da wasu biranen Turai. A zamaninmu sai ka nemi kuɗin jirgi, ko ka rubuta wasiƙa ka jira watanni. Ku kun huta, an ɗauki hotunan da yawansu an zuba a intanet. Rumbun Paris, mai takardu wajen miliyan 8, ya ɗauki hoton mafi yawan nasa. Shiga shafin intanet na IPNI ka ga wanda ya buga suna da shekarar, ka shiga shafin POWO na Kew ka ga sunan da ake amfani da shi yanzu da waɗanda aka ajiye, sannan ka nemi hoton takardar kanta a shafin GBIF ko na JSTOR. Manhajar da ka haska wa hoto a salula tana taimako, amma hasashe take yi, kuma tsirran Turai ta fi sani. Na taɓa ganin rahoton wani aiki da aka rubuta Ipomoea pes-caprae a jerin ciyayin wata fadama ta jiharmu. Da na tambayi inda busasshen yake, aka ce ba a ajiye ba. Na tabbata duman kada suka gani, amma babu abin da zan ɗora a tebur, su ma babu, rahoton kuma ya riga ya shiga hannun mutane. Kuskuren ba ƙarami ba ne, domin duman kada yana da dafi ga dabbobi. A arewa maso gabashin Brazil, inda shi ma yake, an tabbatar yana sa awaki da tumaki da shanu karkarwa da tangaɗi idan yunwar rani ta tilasta musu cinsa. Duk abin da ka karanta a kan ɗaya, kada ka ɗora wa ɗayan.

Tunda abin ya kama zuciyarka, ga aikin da zan ba ka. Ƙarshen damina, sa'ad da duman kada ke fure da 'ya'ya tare, sauka gulbi da sassafe kafin furen ya rufe. Yanki yaɗo mai tsawon kamu biyu, da ganye manya da ƙanana, da fure, da ƙwanson iri in ka samu. Yanki uku daga tushe ɗaya. Shimfiɗa kowanne cikin tsohuwar jarida, ka kifa ganye ɗaya ko biyu don a ga bayansu, ka tsaga fure ɗaya ka baje shi cikin 'yar takarda mai laushi, in ba haka ba zai manne ya zama kamar miyar kuka. Sa kwali sama da ƙasa, ka danne da katako, ka ɗaure da igiyar roba ko ka aza bulo. Ganyen gidan Ipomoea yana da ruwa, saboda haka sauya jarida kullum har ya bushe ƙayau, in ka yi sakaci kwana biyu zai yi baƙi ya yi funfuna. Abin da ya fi ganyen daraja shi ne abin da ka rubuta a kaye tun kana tsaye a wurin: sunanka, lambar da ka ba shi, kwanan wata, sunan ƙauye, lambobin wurin daga salularka, irin ƙasar, launin fure tun yana ɗanye, da sunan da mutanen wurin suke kiransa. Tambayi Bafulatanin da ke kiwo kusa, shi ma rubuta nasa sunan da abin da ya ce dabbobinsa na yi da shi. Fara da lamba 1, kada ka taɓa maimaita lamba har ka tsufa.

Idan ya bushe, sa shi a leda ka ɗaure, ka bar shi kwana uku ko fiye a firiza don ƙwai da ƙwari su mutu, kuma kada ka ajiye shi a ƙasa ko jikin bangon laka, gara ba ta san Latin ba. Ɗaya ka kai wa malaminka na sashen tsirrai a jami'a, ɗaya a aika Yamai, ɗaya ka riƙe. In kawunka zai koma Lome, ka bi shi da jarida da kwali biyu a ƙarƙashin kujerar mota, ka nemi izinin masu wurin ka tsinko ƙafar akuyar ma. Ka kawo mini su biyun mu shimfiɗa a tebur ɗaya, in nuna maka wani bambancin da ke jikin 'yan koren ganyayyakin da ke riƙe da gindin fure, wanda hoton salula ba ya kamawa.